Tambayar Da Na Yi Wa Kukun Sinawa A Keffi

Duk mai bin hanyar nan da ta taso daga Abuja ta ratsa Mararraba da Masaka ta faɗo Keffi, ya san garinmu ya yi sababbin baƙi a 'yan shekarun nan. Tarihin Keffi da farar fata dai ba ɓoyayye ba ne, zama a nan ne a cikin 1902 Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni ya nufi Kano, Turawa kuwa suka sami hanzarin kai wa Kano yaƙi a shekarar da ta biyo. To, baƙin yanzu ba da bindiga suka zo ba, da katafila suka zo da abin awon ƙasa. Tun daga 2019, sa'ad da kamfanin China Harbour ya soma aikin tagwaita hanyar da ta tashi daga Keffi ta bi Akwanga da Lafiya ta dangana da Makurɗi, fiye da kilomita 200, da kuɗin da aka ranto mafi yawansu daga wani bankin gwamnatin Sin, Sinawa suka daina zama abin kallo sai a wurin yara. Bayan masu hanya sai ga masu fasa dutse, sai ga masu neman litiyam, dutsen nan da ake yin batir da shi, har a watan Mayu na 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Ƙaramar Hukumar Nasarawa. Yau in ka shiga kasuwar Keffi da hantsi ba wuya ka ga ɗayansu da 'yar hular rana yana cinikin kabeji da yatsu, ɗan sanda na tsaye bayansa.

Ni kuwa ba a Keffi na fara saninsu ba. A cikin 2016, bayan na karɓi difloma a kan aikin jarida na yi ta yawon neman aiki har takalmina ya suɗe, kawuna ya kira ni birnin Gwanzu, a kudancin Sin, in taya shi aiki wata uku. Sana'arsa ita ce haɗa kayan 'yan kasuwar Kano, na Kantin Kwari da masu wayoyin hannu, ya loda a jirgin ruwa ko na sama. Aikina in bi kasuwanni in ƙirga kwalaye, in rubuta sunan mai kaya a jikin kowane buhu, in raka amalanke zuwa sito. A unguwar Shiyawbe muke zaune, inda za ka ji Hausa da Bambaranci da Larabci da Faransanci a bakin titi guda, kamar kana Zangon Kumasi. Ciniki da Basine ba ya bukatar harshe: ka danna kuɗi a kalkuleta, ya girgiza kai ya danna nasa, har ku daidaita. Doka ce baƙo ya kai kansa ofishin 'yan sanda a rubuta inda ya sauka kafin kwana ɗaya ya cika, fasfo kuwa ba ya rabuwa da aljihu, don a ko'ina ana iya tsai da kai.

Ba zan ce ban ga wulaƙanci ba. Na sha zama cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa jama'a na tsaye cunkus amma kujerar da ke kusa da ni ba kowa. Na sha tsai da tasi ya rage gudu, ya leƙo, ya wuce. Amma ba zan ce ban ga kirki ba kuma. Tsohuwar da muke haya a gidanta, ran da zazzaɓi ya kayar da ni, da kanta ta hau bene ta kawo mini romo mai zafi a kwano, ta tsaya tana yi mini alama in sha. Ban san naman mene ne a ciki ba, ba ni kuma da bakin tambaya. Na karɓa da hannu biyu, na kai baki kamar na kurɓa, da ta fita na juye. Har yau in na tuna sai in ji nauyi, domin alheri ta nufa, ba ta kuwa san abin da ya hana ni ba.

Abinci shi ne babbar jarrabawar Musulmi a Sin. Kafin kawu ya koya mini gaisuwa, sai da ya koya mini gane wasu haruffa biyu da akan rubuta a koren allo a ƙofar gidan abinci. Cinjan ake karanta su, watau tsarki da gaskiya, da su Musulmin Sin ke nufin halal. Inda duk ka ga allon nan za ka tarad da samari masu farar hula suna jan ƙullin alkama da hannu, su ninka, su ja, har ya zama taliya siririya, a zuba a romon naman sa. Galibinsu daga lardunan Gansu da Cinhai na arewa maso yamma suka fito. Ran Juma'a kuma mukan tafi babban masallacin da ke jikin wani kabari da mutanen wurin ke cewa na Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, sahabin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malaman tarihinmu dai sun ce a kusa da Madina Sa'adu ya rasu, a Baƙi'a aka rufe shi. Amma abin da babu gardama a kansa shi ne, fatake Larabawa da Farisawa suna salla a Gwanzu tun zamanin daular Tang, shekaru ɗaruruwa kafin Wangarawa su iso Kano a zamanin Sarki Yaji. Wannan ya isa ya rage wa Bahaushe alfahari.

A sahun masallacin nan na fara lura Musulmin Sin ba iri ɗaya ba ne. Gwamnatin ƙasar ta lasafta ƙabilu 56. Ƙabilar Han ita ce uwa, fiye da kashi 90 cikin 100, guda 10 daga cikin sauran kuwa Musulmi ne. Manyansu biyu, Hui da Uigur, ƙidayar 2020 ta nuna kowacce ta haura mutum miliyan 11. 'Yan Hui, watau masu taliyar nan, Sinanci suke yi, kamanninsu na sauran Sinawa ne, suna warwatse a kowane lardi. In Bahui ya tuɓe farar hula ba mai gane shi. Su kuwa Uigur dangin Turkawa ne, harshensu daban, fuskarsu daban, abincinsu gurasa da tsire, ƙasarsu kuma Shinjan, can ƙurewar yamma, wadda ta kusa ninka Nijeriya biyu a faɗi. Da baƙaƙen Larabci suke rubuta harshensu, kamar ajaminmu. In ka juya takardar kuɗin Sin za ka ga rubutun nan a sama, tare da na Mongol da na Tibet. Na daɗe ina duban wannan, ina tuna yadda a 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun Naira, a 2014 aka cire daga Naira 100, da irin cacar bakin da aka sha.

Yadda Bahan ke duban waɗannan ƙabilu biyu ya bambanta ƙwarai. Akwai wata budurwa mai yi mana tafinta, yarinya mai ladabi, wadda ba ta taɓa nuna mini ƙyama ba. In muka zo wucewa ta wajen masu gasa tsire sai ta taɓa aljihunta ta ce in riƙe wayata da kyau, ga mutanen Shinjan. Na tambaye ta ko sun taɓa yi mata sata. Ta ce a'a, amma kowa ya sani. Na ce 'yan Hui fa? Ta ce ai waɗannan namu ne, naman alade ne kawai ba su ci. Ta kuma ƙara da cewa ana fifita 'yan ƙananan ƙabilu, ana yi musu ƙarin maki a jarrabawar shiga jami'a, kuma a zamanin dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ba a daɗe da sokewa ba a lokacin, an bar su su haifi fiye da ɗaya alhali iyayenta ita kaɗai aka yarje musu. Ba da zafi ta faɗa ba, faɗin abin da ta taso tana ji ne. Wata rana da dare, a wani ƙaramin masauki inda muke sauke baƙinmu na Kano, na ga an juya wani Ba'uigure da matarsa da ɗansu a kafaɗa, aka ce babu ɗaki. Bai kai ƙofa ba aka miƙa wa baƙona mabuɗi. Shi da katin ɗan ƙasa, mu da fasfon Nijeriya. Ya waiwayo ya dube mu, bai ce kome ba, muka yi sallama da ido.

Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma adalci ne in faɗi abin da ya jawo tsoron. A watan Yuni na 2009, a garin Shawgwan na lardin da Gwanzu take, jita-jitar fyaɗe ta sa ma'aikata 'yan Han suka far wa abokan aikinsu Uigur a wata masana'antar kayan wasan yara, aka kashe biyu bisa ga faɗar hukuma. Ran 5 ga Yuli zanga-zangar neman haƙƙinsu a Urumci, babban birnin Shinjan, ta rikiɗe ta zama tarzoma, gwamnati ta ce mutum 197 suka mutu, yawancinsu 'yan Han. Ran 1 ga Maris na 2014 wasu suka shiga tashar jirgin ƙasa ta Kunmin da wuƙaƙe suka kashe mutum 31. Mu da muka ga abin da bam ya yi a tashar motar Nyanya a watan Afrilu na wannan shekarar, kusa da gida, mun san yadda irin wannan ke shiga zuciyar jama'a. Abin tambaya shi ne abin da hukuma ta yi daga baya. Daga 2017 aka hana dogon gemu da niƙabi a Shinjan, aka kafa wurare masu katanga da hasumiyar tsaro aka yi ta zuba mutane ba tare da shari'a ba. A watan Agusta na 2018 wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ya sami rahotanni masu ƙarfi cewa waɗanda ake tsare da su za su kai miliyan. Sin ta fara musantawa, sa'an nan ta ce makarantun koyon sana'a ne da kawar da tsattsauran ra'ayi, a ƙarshen 2019 kuma ta ce duk ɗaliban sun gama. Ran 31 ga Agusta na 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar, a ƙarƙashin Michelle Bachelet, ya fitar da rahoto cewa abin da aka yi yana iya zama laifi a kan bil'adama.

Da wannan duka a kaina na sadu da mutumin da ya sa na ɗauki alƙalami yau. A farkon 2023 ne wani maƙwabcina mahauci ya ce mini akwai wani Basine mai ban mamaki da ke zuwa mayanka da sassafe. Sauran direba suke aikowa, shi kuwa sai ya zo da kansa, ya tsaya ya ji an yi bisimilla, ya ga an yanka, sa'an nan ya nuna cinyar da yake so. Ran nan da aka kira sallar Azahar yana kasuwa, sai aka ga ya nufi famfo ya kama alwala. Kasuwa ta tsaya cik. Na ce wa mahaucin lalle ya haɗa ni da shi.

Dattijo ne, ya ba hamsin baya, gajere, mai 'yar furfura a haɓa. Kuku ne a sansanin wani kamfanin fasa dutse da ke bayan gari, ba zan faɗi sunan kamfanin ba, kamar yadda ba zan faɗi nasa ba. Mahauta Malam ɗan Sin suke ce masa, ni kuwa Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini dosti, kalmar Farisanci ce da 'yan Hui ke kiran aboki da ita. Daga yankin Linsha ya fito a lardin Gansu, wurin da Sinawa ke yi wa laƙabi da ƙaramar Makka saboda yawan masallatai da malamai. Hirarmu da guntun Larabcinsa ce da guntun nawa, da 'yan kalmomin Sinanci da na tsinto a Gwanzu, in abu ya cije mu koma ga fassarar waya. Da na ce masa cinjan sai ya riƙe hannuna da hannu biyu yana dariya, ya ce tun da ya zo Afirka bai ji kalmar a bakin kowa ba.

Daga nan duk Juma'a in ya sami mota sai in tarye shi mu tafi masallaci tare. Bahanafe ne, kamar galibin Musulmin Sin. Yana ɗora hannu a ƙasan cibiya, ba ya ɗaga hannu sai a kabbarar farko. Wani yaro mai zafin kai ya taɓa zuwa zai gyara masa salla, wani tsohon malami ya kwatse shi ya ce, kai, kafin kakanka ya san alƙibla mutanen nan suke salla. Sunayen salloli biyar da Farisanci yake faɗinsu, liman kuwa ahun yake ce masa. Ran da na nuna masa allon ƙanena da wata wasiƙar kakana ta ajami, sai ya karɓi biro ya rubuta mini Sinanci da baƙaƙen Larabci a bayan ambulan. Ashe su ma suna da nasu ajamin, tsofaffi da mata suka fi riƙe shi. Ya ce tun da ya zo Keffi abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne yara ƙanana da ke karatu da ƙarfi a bakin titi bayan Magariba, ba mai ce musu kanzil. Na ji maganar, amma ban tsaya na auna ta ba.

A sansaninsu tukunya biyu yake da ita, da wuƙa biyu, da katako biyu na yankan nama. Sharaɗin da ya kafa kafin ya karɓi aiki shi ne ba zai taɓa alade ba, wani yaro ne ɗan wajen Akwanga ke dafa wannan a wata rumfa daban. Ya ce abokan aikinsa suna girmama shi, suna son girkinsa, sukan yi masa ba'a a kan giya amma ba su tilasta shi. In azumi ya zo sukan tambaye shi ko ba zai suma ba. Zaman nasu kuwa zaman kurkuku ne da sunan aiki: katanga, waya mai ƙaya, 'yan sanda a ƙofa saboda masu satar mutane, aiki kwana bakwai, da dare kowa ya rungumi waya yana magana da iyali ta WeChat. Da yawansu ba su san Keffi ba sai ta gilashin mota. Shi kaɗai ne salla ta buɗe wa ƙofar gari.

Da Babbar Salla ta 2023 na kai masa cinyar ragon layya, shi kuma ya gayyace ni cin abinci a sansanin kashegari. To, a ƙarshen watan Mayu na shekarar an yi arangama tsakanin 'yan Hui da 'yan sanda a Najiyayin, lardin Yunnan, a kan rushe ƙubbar masallaci da hasumiyoyinsa. Irin wannan ta taɓa faruwa a Weiju ta yankin Ninsha a watan Agusta na 2018, inda jama'a suka yi zaman dirshan a masallaci. Manufar gwamnati ce da ake kira mai da addini ya dace da al'adun Sin: a sauke ƙubba a ɗora rufi irin na gargajiyarsu, a goge rubutun Larabci daga allunan gidajen abinci. Watau abin da ya ci Uigur ya fara lasar 'yan Hui. Ni kuwa ɗan jarida, ina ganin ga labari ya kawo kansa har gida.

Muna zaune a dogon tebur, injiniyoyi huɗu, da tafintansu ɗan Nijeriya wanda ya yi karatu a Sin, da ni, Baba yana kai da kawowa da kwanuka. Ana raha, ana koya mini riƙe tsinken cin abinci. Sai na juya ga tafinta na ce ya tambayar mini Baba, shin gaskiya ne ana rushe ƙubbobin masallatai a garinsu, kuma me ya sani game da 'yan'uwansa Musulmi da ake tsarewa a Shinjan? Tafintan ya dube ni ya ce da Hausa, Malam, ka tabbata? Na ce fassara kawai. Ya fassara.

Baba bai ɗago kai ba. Babban cikinsu ne ya ajiye tsinkensa ya amsa, fuska a murtuke. Ya ce wannan duk ƙaryar Amurka ce da Ingila, ya ce in je Shinjan in ga hanyoyi da jiragen ƙasa da makarantu, ya ce tun 2017 ba a sake kai hari ba. Sa'an nan ya tambaye ni, ku da Boko Haram ta kashe muku dubbai, da kun sami hanyar da za ku tsai da ita tun tana ƙarama, ba za ku bi ba? Wani saurayi a cikinsu, don ya sassauta zancen, ya ce shi yana son mutanen Shinjan, sun iya rawa da waƙa, 'yan matansu kyawawa ne, inabinsu ya fi na ko'ina zaƙi. Na uku ya nuna Baba da haɓa ya ce ga shi nan, Musulmi ne, wa ya hana shi salla? Duk suka juya suna dubansa. Ya yi murmushi ya ce ƙasarsa tana da kyau, kowa yana zaune lafiya. Ya tattara kwanuka ya shiga kicin, na ji ƙarar ruwa, bai sake fitowa ba har na tafi.

Juma'a ta zo bai zo ba. Ta biyu ma haka. Mahauci ya ce yanzu direba ke zuwa karɓar nama, da 'yar takarda. Na aika saƙo ta waya, shiru. A nan ne na zauna na yi wa kaina hisabi. Ni na tambaya na koma gida na yi barci. Shi kuwa da mutanen nan zai kwana, a hannunsu fasfonsa da albashinsa da takardar komawarsa suke, iyalinsa kuma suna can inda kalma ɗaya a rahoton wani za ta iya jawo ƙwanƙwasa ƙofa. A makaranta an koya mana kare wanda ya ba ka labari. Ba a koya mana cewa wani lokaci tambayar kanta ita ce tonon asirin ba. Gaskiyar magana, ba don Uigur na yi tambayar nan ba, don shafin jarida na yi ta, da kuma son a ce na iya tsare manya da tambaya.

Na kuma yi ta juya tambayar babban nasu a raina, domin ba ta wofi ba ce. Amsata ita ce a'a, ba za mu yarda a kwashe Barebari duka a kulle don Boko Haram ta fito daga Maiduguri ba. Amma da na faɗi haka a zuci sai na tuna maganar da nake ji kullum a motar haya tsakanin Keffi da Mararraba, in an hango bafulatani da sanda a gefen hanya: ga su nan, masu satar mutane. Muryar ɗaya ce da ta budurwar nan ta Gwanzu, har da kowa ya sani ɗin. Na tuna kuma kakata ta wajen uwa, 'yar ƙabilar Afo, wadda ta yi shekara hamsin tana salla da azumi a cikin garin nan amma in faɗa ya haɗa ta da kishiya sai a tuna mata ita tubabbiya ce. Laifi tudu ne. Wannan bai wanke gwamnatin Sin ba ko kaɗan, don akwai nisa tsakanin baƙar maganar fasinja da hukuma mai gina katanga ta zuba mutane. Sai dai daga irin maganar ne hukuma ke samun jama'ar da za ta kau da kai.

Mu ma kuwa mun kau da kai. A watan Maris na 2019, a taron ministocinta na Abu Dabi, Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi yaba wa Sin ta yi bisa kula da Musulminta. A watan Yuli na shekarar, da ƙasashe 22 suka rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya takardar kuka a kan Shinjan, ƙasashe 37 suka mai da martani da takardar goyon bayan Sin, cikinsu har da Saudiyya da Pakistan da Masar da Nijeriya. A watan Oktoba na 2022 aka nemi a yi muhawara kawai a kan rahoton nan a majalisar kare haƙƙin ɗan Adam, ƙuri'a 19 ta kayar da 17, ƙasashen Musulmi da dama suna cikin masu kayarwa. Amma a watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, da aka riƙa fitar da baƙaƙen fata daga gidajen haya da masaukai a Gwanzu, har yaron kawuna ya kwana biyu a ƙarƙashin gada, nan da nan Shugaban Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa hotuna a gaban 'yan jarida. Ashe muna da baki in abin ya taɓa namu. Wanda ake bi bashin hanya dai ba ya ɗaga wa mai bin sa murya a kan ɗan wani, hanyar kuwa ga ta nan, tun 2025 muke biyan kuɗin bin ta.

Sai bayan wata huɗu na sake ganinsa, ana gab da shiga hunturu, a layin masu kayan miya. Ni na fara hango shi, na tsaya ina shawarar in ƙarasa ko in kauce. Shi ya yi mini sallama. Na ce, Baba, ka yafe mini, ban yi tunani ba. Ya girgiza kai, ya waiwaya ya ga ɗan sandan da ke rakiyarsa yana can yana cinikin rake. Sai ya karɓi wayata, ba tasa ba, ya yi rubutu a wurin fassara ya miƙo mini. Abin da ya fito shi ne, an sauke ƙubbar masallacin ƙauyensu shekaru uku da suka wuce, masallacin da mahaifinsa ya ɗauki tubali a ka wajen gina shi. Jikansa ba shi da iznin shiga masallaci sai ya girma. Ɗansa malamin makarantar gwamnati ne. Game da Shinjan kuwa, yana da wani abokin ciniki da wayarsa ta daina shiga tun 2017, bai kuma nemi sanin dalili ba.

Ina gama karantawa ya sake karɓar wayar ya goge da kansa, ya duba ya tabbata ya gogu. Ya ce kwantiraginsa zai ƙare bayan sabuwar shekararsu, zai koma gida. Na tambaye shi ko zan iya rubuta labarinsa wata rana. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce in bari sai ya tafi ya daɗe, kada in sa suna, kada in sa hoto. Ya roƙi abu ɗaya, in samo masa ƙaramin allo irin na ƙanena, da tawada da alƙalamin kara, zai kai wa jikan a matsayin tsarabar Afirka, don in an gani a filin jirgi kayan ado za a ɗauka. Na ce a rubuta masa Fatiha a jiki? Ya ce a'a, a bar shi fari, shi zai rubuta in ya isa.

Na sayi allon a wajen masu sassaƙa, Naira 1,500, na ba mahauci ya ba direba.